Rantsuwar da Alƙali Bukar Ya Ƙi Bayarwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Daga mahaifinka Habu, tsohon muhuti, a Haɗejiya, zuwa ga ɗana Bukar, wanda muke kira Malam a gida. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina roƙon Allah ya kai ka Kano lafiya, ya tsare ka a cikin jirgi da bayan saukarka, ya haɗa ka da malamai masu tsoronsa da abokan zama na kirki.

Bayan haka, ka ga ƙafata ba za ta bar ni in raka ka tashar Malam Madori ba. Ko da ma na raka ka, ka san halina, in muna zaune ido da ido maganata ba ta wuce a riƙe salla, a yi haƙuri da mutane. To tunda karatun shari'a za ka, wataƙila wata rana a naɗa maka rawani a zaunar da kai a kan buzu, akwai shari'a ɗaya da nake so ka tafi da ita. Na zauna a gefen alƙalai shekaru masu yawa, na ga hukunci iri-iri, amma wannan har yau ba ta bar raina ba. Wanda ya yanke ta shi ne Alƙali Malam Bukar, Allah ya jiƙansa, wanda ka ci sunansa. Kana jariri ya rasu, ba ka san shi ba. Babarbare ne, iyayensa daga wajen tafkin Chadi suka zo. Siriri ne, ba shi da murya, in yana magana sai an kasa kunne. Ni ne muhutinsa a lokacin, wato mai zama kusa da shi ina duba masa littattafai, in ya nemi ra'ayina in faɗa.

Wata shekara ruwa ya yi yawa ƙwarai. Kogi ya cika ya fasa gaɓa a ƙasar Guri, ya bar hanyarsa ta da, ya yanko ta cikin fadama. Bayan damina ta wuce ruwa ya ja a ko'ina, amma a wani wuri kusa da wani ƙaramin ƙauye ya haƙa gurbi mai zurfi ya zauna, kifi ya taru a ciki, tarwaɗa da karfasa har ba a magana. A kan wannan gurbi aka kawo mana ƙara.

Mai ƙara wata mace ce, Ya Falmata, mijinta ya rasu ya bar mata marayu ƙanana da gonar shinkafa guda. Ta ce gurbin nan a tsakiyar gonar marayunta yake. Ruwa ya cinye musu shinkafa, ga shi kuma masunta sun shigo suna kwasar kifi a kanta, ita da yaranta ba su da ko na miya. Wanda take ƙara wani masunci ne mai suna Idi, ƙato, baƙi, mai tabon ƙugiya a hannu. Shi kuma ya ce sam, wannan tsohon tafkin gidansu ne da suka gada suna su a cikinsa tun kakanni, ruwa ne kawai ya faɗaɗa shi, gonar mamacin tana can yamma. Abu ɗaya suka yarda da shi su biyu: akwai wani kututturen giginya da aka sare tun da daɗewa don yin azara, shi ne iyakar gonar daga gabas. Amma kututturen yana ƙarƙashin ruwa, kuma kowa da inda yake cewa yake.

Malam bai yarda ya yi shari'ar daga cikin zaure ba. Muka hau dawakai har Guri, daga nan Bulaman ƙauyen ya sa mu a kwalekwale. Ɗana, ban taɓa ganin ikon Allah kamar na ranar nan ba. Inda na san gonaki da turba da kan iyaka, babu komai sai ruwa shimfiɗe har ƙarshen gani, tsuntsaye farare da baƙaƙe sun rufe shi, in suka tashi sai ka ji kamar iska ta taso. Duk abin da mutane suka yi shekaru suna shatawa suna faɗa a kai, an shafe shi a damina ɗaya. Aka ɗauko shaidun Ya Falmata, dattawa ne na kirki, aka ce kowa ya nuna inda kututturen yake. Wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can da nisa, aka yi ta zura gora ba a taɓa komai ba. Shaidarsu ta saɓa, saboda haka ta faɗi.

Da muka dawo Haɗejiya Malam ya tambaye ni me na gani. Ban ko tsaya tunani ba na ce ai magana a fili take. Mai da'awa ita ke kawo hujja, ta kasa. Abin da ya rage rantsuwa ce a kan wanda ya musa. A kai Idi masallaci ya rantse, a ba shi gurbinsa. Na faɗi haka ina jin daɗin kaina, don na san ba wanda zai ce na yi kuskure a karatu. Malam ya ce na faɗi daidai. Sa'an nan ya tambaye ni ko ina ganin Idi zai rantse. Na ce ba shakka, irin waɗannan mutanen ruwa ba sa jin nauyin rantsuwa. Sai ya dube ni ya ce shi ma yana ganin zai rantse, amma ba don dalilin da na faɗa ba. Zai rantse ne don ya gaskata abin da yake faɗa har cikin zuciyarsa.

A nan na yi tuntuɓe biyu a magana ɗaya, kuma ina so ka kiyaye su. Na ɗauka in na san babin da mas'ala take to na gama da ita. Na kuma karanta mutum daga girman jikinsa da sana'arsa. In an tambaye ka fatawa, ko kana da amsar a bakinka, ka ɗan riƙe ta, ka sake duban mutanen da za ta faɗa wa. Kada kuma ka taɓa cewa irin su wane ba sa jin tsoron Allah. Ba ka shiga zuciyar kowa ba.

Ranar da aka sa za a yi rantsuwar, zaure ya cika, har da mutanen ƙauyen da suka tako a ƙafa. Idi ya yi alwala ya zo ya durƙusa, a shirye yake. Ya Falmata tana daga bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi, ta riga ta san ta rasa. Malam ya kira Idi da sunansa, ya tambaye shi ko da idonsa ya ga kututturen tun bayan da ruwa ya zo. Idi ya ce Allah gafarta Malam bai gani ba, amma ya san wurin kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa.

Malam ya ce, "Na yarda ba ƙarya kake yi ba. Amma ba zan sa ka ɗora hannu a kan Alƙur'ani don abin da ba ka gani ba, alhali Allah zai janye ruwansa ya nuna mana. Za mu jira bazara."

Zaure ya ɗauki gunaguni. Idi ya ji haushi, ya ce an hana shi haƙƙinsa. Malam bai yi musu da shi ba. Sai ya juya kan abin da ni ban ma tuna da shi ba, wato me marayun nan za su ci kafin bazara. Ya ce ba zai hana Idi su ba, don kifi ba ya jiran shari'a, kuma ba zai tilasta masa komai ba tunda ba a tabbatar da haƙƙi a kansa ba. Amma ya roƙe shi, a gaban Bulama, ko zai yarda duk ranar da ya yi kamu a gurbin ya cire wa gidan Ya Falmata wani abu, a matsayin sulhu na wucin gadi. Idi ya ce ya yarda, albarkacin Malam. Ka lura da wannan. In ka ɗage shari'a, kai ka koma gida ka ci tuwonka, amma masu shari'ar da ita za su kwana su tashi. Kafin ka ce a dawo, ka tambayi kanka yadda mai rauni a cikinsu zai rayu har ranar dawowar.

Ana cikin jiran nan Di'o, wato Baturen mulki, ya zo duba kotuna, kamar yadda Turawa suke yi lokaci-lokaci. Wani saurayi ne ja, mai yawan share gumi, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan amma da tafintansa. Ya tarar an gama kowace shari'a sai wannan, ta yi watanni a buɗe. Ya tambayi dalili. Ni dai na tsorata. A zamanin nan kalma ɗaya daga Bature takan kai ga Sarki, a wayi gari an tuɓe wa mutum rawani. Kafin Malam ya amsa na matsa kusa da shi na raɗa masa cewa ya ce gobe za a rantsar, mu rabu lafiya. Bai ko waiwaye ni ba. Ya gaya wa tafinta, da muryar nan tasa da ba ta tashi, cewa akwai shaida ɗaya da ya rage, kuma ba shi da ikon aika masa ɗan doka. Bature ya tambaya wane ne wannan da ya fi ƙarfin kotu. Malam ya ce kututturen giginya ne, yana ƙarƙashin ruwa, zai fito in zafi ya yi.

Tafinta ya yi jinkirin juyawa, yana tsoro. Da ya juya, Baturen bai yi dariya ba. Ya ce a ƙasarsu ana ganin jinkirin shari'a zalunci ne. Malam ya ce a wurinmu ma haka ne, amma akwai abin da ya fi shi muni, shi ne ka ba mutum abin da ba nasa ba, ka kuma haɗa masa da rantsuwar da zai tarar a lahira. Bature ya ce in ya dawo rangadi ya tarar ba a gama ba, zai kai maganar gaba. Malam ya ce to, madalla, ya kuma yi masa addu'ar sauka lafiya.

Tsoron da na ji ranar nan ba laifi ba ne, kowa yana da iyali. Amma shawarar da tsoron ya sa na bayar ba ta da kyau. In ka ji gabanka yana faɗuwa a gaban mai iko, ka san wannan ba lokacin ba da shawara ba ne, ka kama bakinka har zuciyarka ta kwanta.

Ruwan kuwa a shekarar nan ya ƙi ja da wuri. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, makiyaya sun gangaro fadama da shanunsu, gurbin yana nan cike. A kasuwa aka fara yi da Malam, wai tsufa ya kama shi, yana jiran itace ya yi magana. Wasu malamai ma a zaurukansu suna cewa ya saɓa, don in rantsuwa ta wajaba ba alƙali ke da ita ba, ta wanda ake ƙara ce. Ni kaina na fara tunanin in damina ta sake faɗuwa ba a ga komai ba, ina za mu sa kanmu. Malam dai yana zuwa zaure yana yin sauran shari'unsa kamar ba abin da ke rataye a wuyansa.

Sai wata rana da hantsi, muna cikin sauraron wata ƙarar gado, muka ga Idi a bakin ƙofa. Ƙafafunsa duk busasshiyar laka, da gani tafiyar ƙasa ya yi tun daga ƙauyensu. Ya jira aka sallami masu gado, ya shigo ya durƙusa. Malam ya sa aka ba shi ruwa. Da ya sha sai ya ce ya jefa birgi, wato ragar kamun kifi, a gefen gurbin na gabas, birgin ya maƙale, ya nutsa don ya ɓalle shi, sai hannunsa ya faɗa kan kututturen. Ya shafa shi ya ji sawun gatari. Yana daidai inda Ya Falmata ta ce. Shi da kwanar kogi yake auna wurin, bai san kwanar da kanta ta matsa ba.

Malam ya tambaye shi wa ya gani ban da shi. Ya ce ba kowa, shi kaɗai ne a kan gorar da yake hawa yana su.

Idi ya ce, "Allah gafarta Malam, da ka bar ni ran nan, da na rantse."

Har ɗan dokan da ke tsaye a ƙofa na ga ya sunkuyar da kai. Ka duba, ɗana. Da mutumin nan ya ɓoye abin da ya gano, da damina ta sake rufe wurin, wataƙila har abada. Ba ɗan doka ya kamo shi ba, ba shaida ya tona shi ba. An dai taɓa ce masa a gaban jama'a an yarda ba ƙarya yake yi ba, sai ya kasa zama maƙaryaci.

Muka sake hawa zuwa ƙasar Guri. Kafin mu isa ruwa ya ƙara ja, kan kututturen ya fito baƙi ƙirin, da ɗan tsuntsu a zaune a kai. Duk ƙauyen suka fito suka tsaya a gaɓa. A nan, a tsaye cikin laka, Malam ya yanke hukunci. Ya ce ƙasar da ke ƙarƙashin gurbin ta marayu ce, ruwa bai fitar da ita daga mulkinsu ba. Duk inda ya janye su shuka, ba mai hana su. Kifi kuwa, ya ce malamai sun saɓa a kansa, don ba wanda ya shuka shi, wasu sun ba mai ƙasa ikon hanawa wasu ba su ba shi ba. Ya tambayi Ya Falmata ko tana da mai yi mata su. Ta ce ba ta da kowa, kuma tun ranar sulhu Idi bai taɓa tsallake gidanta ba, har ranar da kamu ya yi ƙaranci. Malam ya ce to sulhun ya zauna yadda yake in sun yarda su biyu, har babban yaron ya isa ya zaɓa da kansa. Suka yarda, aka yi fatiha.

Di'on da muke jin tsoro kuwa ba mu sake ganinsa ba, an yi masa canjin gari. Wanda ya zo a madadinsa bai ko tambayi shari'ar ba.

Malaman da suka soki jinkirin ba su janye ba, kuma kada ka raina maganarsu, tana da tushe. Ba kowace ƙara za a ce a jira bazara ba, in an buɗe wannan ƙofa alƙali rago ko mai son zuciya zai ɓuya a bayanta. Abin da na fahimta bayan shekaru shi ne, rantsuwa ana komawa gare ta ne in hanyar sani ta toshe. A shari'ar nan ba ta toshe ba, ruwa ne ya rufe ta na ɗan lokaci, kuma kowa ya san ruwa yana ja. Malam ya bambance abin da ba za a taɓa sani ba da abin da ba a sani ba tukuna. Wannan bambancin ba za ka same shi a jere a babi ɗaya ba, sai ka zauna da mutane.

A Kano za ka tarar ana ta muhawara a kan abubuwan da ke tafe. Muna jin labarin kotunan Turawa suna rushe hukuncin alƙalanmu in an ɗaukaka ƙara, ana kuma cewa za a kawo sababbin dokoki a rubuce da sababbin kotuna a saman namu. Za ka ga masu fushi, za ka ga masu murna. Ni tsoho ne, ban san inda abin zai tsaya ba. Ka koyi namu har ka ƙoshi, ka kuma koyi nasu don ka san abin da suke dubawa, kada ka yi gardama a kan abin da ba ka karanta ba. Kuma kada ka ji haushi don an ce wani zai sake duba hukuncinka. In ka yi daidai dubawa ba za ta rage shi ba, in ka yi kuskure gara a gyara maka a nan.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai ya faru ne a hanyarmu ta dawowa daga wurin kututturen. Ni ina ta murna a kan doki, ina ƙissima fuskokin masu yi da mu a kasuwa. Muka sauka gindin wata tsamiya don sallar azahar. Bayan mun sallame na ce wa Malam Allah ya ba shi nasara, yau kowa ya ga gaskiyarsa. Da na duba sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Na tsorata, na tambaye shi ko jikin ne.

Ya ce, "Habu, wannan Allah ya ji tausayinmu ya bar mana kututture. Ina tuna waɗanda na rantsar tun da aka naɗa ni, waɗanda ba su da kututture. Ban san nawa ne a cikinsu suke kamar Idi ba."

Ya ɗaga hannu ya daɗe yana neman gafara, ni ina bayansa ina cewa amin, murnata duk ta bi iska. A ranar da duk ƙasar ke yabonsa, shi abin da ya gani ke nan.

Sunan wannan mutumin kake ɗauke da shi. Ban ce sai ka zama kamarsa ba, wannan kyauta ce ta Allah. Amma in wata rana aka yabi hukuncinka har ka ji daɗi ya cika maka ciki, ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai ka yi istigfari.

Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya raba ka da sharrin hanya da sharrin baƙon gari. Allah ya buɗa maka karatu, ya ba ka ilmi mai amfani da zuciya mai tsoronsa. Ya tsare hannunka daga haƙƙin maraya, ya tsare harshenka daga gaggawa. In muna da rabon sake ganawa Allah ya dawo mana da kai lafiya, in kuwa ka tarar ba na nan, na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mahaifinka,
Habu